Kasuwa Sai Godiya

Kalsum ta ɗaga babbar rigar da yatsu biyu, kamar wadda ta tsinci mushen ɓera a tukunya.

"Ta wace ce kuma wannan?"

"Ta Sharif mai canji," in ji mijinta Sunusi, yana kokawa da mazagin wando. "Aro ya ba ni."

"Kuka za ku je yi ko ɗaurin aure? Ka sa rigarka ta kasuwa mai jirwayen tumatir, su gani da idonsu."

"Ke haihuwar Agege ce, ba ki san girma ba. Wa ya taɓa zuwa gaban manya da tsumma?"

"To, Allah ya ba da sa'a, Alhajin aro."

Tun da gwamnatin jihar Legas ta ɗora sabon haraji a kan kowace motar da ta sauke kaya a kasuwar gwari, bayan na ƙofa da na shara da wasu da ko masu karɓarsu ba su san sunansu ba, direbobi suka koma tsayawa a Ibadan. Sunusi dillalin tumatir ne, kuma mota ɗaya ta rage mai zuwa rumfarsa, ta Khamisu. Shi ma ya taso daga Kadawa da sharaɗi: in an janye harajin ya shigo Legas, in ba a janye ba ya sauke a Ibadan. Manoman da suka ɗanɗana dillalan can kuwa ba sa waiwayowa. Rumfar ta mutu ke nan.

Ƙungiyar 'yan kasuwa ta zaɓi Sunusi ya yi magana a gaban babban jami'in gwamnati, don ya fi kowa Turanci, wato yana iya yi wa ɗan sanda gardama har ɗan sandan ya gaji. Ya haddace jawabinsa tsaf. Zai tambayi inda kuɗin ke zuwa, alhali titin kasuwa ya zama rijiyoyi, kwatoci sun toshe. Zai nemi a gina ɗakin sanyi. Zai ce in cinikin nan ya bar Legas, manomin Arewa da mai tuwon unguwar Ketu tare za su sha wuya. Har wurin da zai yi shiru ya girgiza kai ya tanada.

A ɗakin jira na ofishin, sai ka rantse taron masu jiragen ruwa ne. Shadda tana ƙara, turare yana hawa kai. Shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗan'azumi, wanda rabonsa da ciniki tun kafin azumi, ya sa takalmin da ke hana shi tsayuwa. Sun kuma kawo gaisuwa, don ba a zuwa wurin babba hannu rabbana: kwandunan tumatir da aka tsinto ɗaya bayan ɗaya daga cikin ruɓaɓɓe, kowane jajir kamar an shafa masa mai.

Sai bayan azahar Oga, babban jami'in, ya fito, masu kyamara a bayansa. Ashe a Katsina ya yi bautar ƙasa, kuma bai yarda Hausarsa ta tafi a banza ba.

"Sannunku da zuwa! Ina gajiya? Yaya iyali?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe!"

Ya kama hannun Sunusi, ya riƙe. "Alhaji, yaya kasuwa?"

Bakin Sunusi bai yi shawara da shi ba. Bakin da ya ce lafiya lau ranar da gobara ta cinye rumfar ubansa, wa zai koya masa sabon karatu yau?

"Kasuwa alhamdu lillahi, ranka ya daɗe. Sai godiya."

"Sai godiya!" in ji sauran daga baya, kamar masu amsa liman.

Oga ya juya ya fassara wa kyamara da Turanci, kalma bayan kalma, bai ƙara ko gishiri ba. Ya shafa hannun rigar Sharif ya ce ko shi ba shi da irinta. Ya ɗaga tumatir guda ya nuna wa duniya.

Daga nan Ɗan'azumi ya ce a buɗe da addu'a, ya roƙa wa gwamnati tsawon rai har jikokinta. Sannan aka gabatar da kowa da sunansa da sarautarsa, don Audi sarkin 'yan dako ya taɓa yin wata guda yana fushi saboda an tsallake shi. Da layi ya zo kan Sunusi, ya gyara murya.

"Amma fa, ranka ya daɗe, batun harajin nan..."

Wani mai kwat ya raɗa wa Oga magana a kunne. Oga ya dubi agogo, ya ce ƙofarsa a buɗe take kullum. Ya fita ta cikinta, aka rufe.

Kafin danfo, motar haya, ta kai su Agege, hoton ya riga su. Wata fasinja ta kunna a wayarta: 'yan kasuwar gwari sun yaba da tsarin haraji, sun ce kasuwa na bunƙasa. Ga Sunusi nan yana washe baki cikin shaddar wani.

"Ai mun fita kunya," in ji Ɗan'azumi, takalmansa a cinya. "Ba mai cewa matsiyata ne suka je."

Wayar Sunusi ta yi ƙara. Khamisu ne, ƙugin mota na tashi a bayansa.

"Alhaji, na wuce Oyo. In miƙe ko in tsaya?"

Sunusi ya dubi aikin zaren da ke ƙirjinsa.

"Tsaya a Ibadan. Kada kayan mutane su lalace."

A gida Kalsum ta riga ta gani. Ya shirya wa baƙar magana, sai ta taya shi ninke rigar kawai, ta ce, "Ka yi kyau a hoton." Da ma zaginsa ta yi.

Ya saka rigarsa mai jirwaye, ya rungumi ta aro ya nufi wurin Sharif. A hanya ya yi rantsuwa: duk wanda ya ƙara yi masa tambayar nan, ko ɗan jariri ne, sai ya zaunar da shi ya ji jawabin tun daga farko, har wurin girgiza kai.

Sharif na zaune a benci. Ya karɓi rigarsa, ya shinshina hammatar, ya ajiye.

"Mun gan ka, mutumin gwamnati. Ya aka baro su? Yaya kasuwa?"

Sunusi ya ja numfashi. Ga jawabin nan duka a maƙogwaronsa.

"Sai godiya," ya ce.