Muryar Inna a Diskin Waje

Inna ba ta iya rubutu ba, don haka shekara tara tana aiko mana da wasiƙa daga Haɗeja a kaset, ta hannun direbobin shanu. Bayan rasuwarta zafin Injamena ya fara narkar da kaset-kaset ɗin. A 2007 na kwashe su na kai wa Ɗan'azumi, mai gyaran kwamfuta a unguwar Mardjandafak, ya juye min su a kwamfuta.

"Kwamfutarka ta cika, sai an ƙara diski," in ji shi. "Na ciki kake so ko na waje? Na ciki sai da sukudireba ake ciro shi, na waje kuwa aljihu ya ishe shi. Amma Dawuda, na san gidanku. Sa na ciki."

Ni uban 'yan wayo na ƙi. Na ce wutar garin nan in ta dawo da haukarta, sai ta ƙone kwamfuta da duk abin da ke cikinta. Na zaɓi na waje, na zubar da kaset-kaset ɗin.

Na manta a gidanmu duk abin da hannu ɗaya zai iya ɗauka na kowa ne. Ina mahauta, yayana Mijinyawa ya shiga ɗakina ya ɗauke diskin, ya kai kasuwar Dembé a zuba masa finafinan Kano. Mai zubawar ya ce babu wuri, Yaya ya ce a share.

Da ya dawo da shi, na jona shi a kwamfuta. Fim talatin da biyu, babu Inna ko tarinta.

"Yaya, muryar Inna ce a ciki!"

"To, kalas, shi ke nan, ta riga ta faru," ya ce yana sakace. "Ai gaisuwa ce kawai, da kukan tsadar gero."

Ba gaisuwa ba ce kawai. Kaset na ƙarshe da sunansa ta yi shi, tana nishi, tana cewa ta yafe masa ƙin zuwa duba ta. Na ɓoye masa ne ina jiran ranar da zai yi nadama.

"Ko akwai wata magana?" ya tambaya.

"Babu, Yaya," na ce.