Shaƙuwar Motar Hajiya Suwaibatu

A duk Ƙanƙara babu wanda bai san motar Hajiya Suwaibatu ba. Tsohuwa ce ainun, farin fentinta ya koma ruwan ƙasa, agogon da ke ƙirga tafiyarta ma ya gaji ya tsaya tun maigidan Hajiyar yana raye. Shi ya koya mata tuƙi, da ya rasu kuma ba ta nemi direba ba. Da kanta take loda jarkokin man gyaɗa a but, ta kai Faskari ranar kasuwa, wani lokaci ta zarce Sabuwa inda masu tuyar ƙosai ke jiranta.

Da damina ta kankama sai motar ta ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a. Ana cikin tafiya lafiya lau sai ta yi kamar mai shaƙuwa, ta cije, ta fizga, ta sake cijewa, sannan ta ware kamar ba ita ba. Wata rana ta yi sau ɗaya, wata rana ta dinga yi har gaban mutum ya faɗi. Kuma ba ta tashin yi sai an wuce Yargoje, inda hanya ta farfashe, daji ya matso bakin titi, inda ko taya ce ta fashe direbobi ba sa son tsayawa saboda 'yan bindiga.

Ta kai wa Bilya, bakaniken da ke duba motar tun da daɗewa. Ya canza filogi. Ta koma hanya, motar ta yi. Ya wanke tanki, ya sa sabuwar matatar mai. Ta sake yi. A zuwa na gaba ya karɓi makulli, ya zagaya gari da ita, ya hau titin Katsina ya taka ta sosai, ya dawo yana goge hannu da tsumma.

"Hajiya, wallahi motar nan lafiyarta ƙalau. Ko tari ba ta yi mani ba."

"To ni ƙarya nake yi maka?"

"A'a, Allah ya huci zuciyarki. Sai dai..." Ya sunkuyar da kai. "Wurin nan da kike faɗi, ko maza ma gabansu faɗuwa yake yi. Wataƙila ƙafarki ce ke rawa a kan totur ba ki sani ba."

Ta karɓi makullinta ta tafi. Amma maganar ba ta tsaya a gareji ba, don kafin la'asar autanta Mas'ud, wanda ke aikin koyarwa a Kaduna, ya kira ta.

"Umma, na yi waya da Bilya. Ki yi wa Allah ki haƙura da hanyar nan. Ga shekaru, ga abin da ke faruwa. A sayar da motar ki dawo wurinmu, ɗaki yana nan a share."

"Wato kun gama shawara kai da bakanike, ni sai dai a sanar da ni."

"Ba haka ba ne, Umma."

"Haka ne mana. Tun ina ɗauke da cikinka nake bin hanyar nan a bayan akori-kura. Ba wanda zai zaunar da ni a ɗaki ina kallon bango saboda an kasa gano ciwon mota. Ka gaida matarka."

Ta kashe wayar. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne akwai tsoron. Duk sanda ta wuce Yargoje bakinta ba ya rabuwa da addu'a. Amma ta san ƙafarta, ta kuma san motarta.

Ranar kasuwar Faskari da safe ta tsaya a ƙofar garejin da mota cike da kaya, ta danna hon. Bilya ya fito riƙe da kofin koko.

"Ɗauko akwatin kayan aikinka ka shigo."

"Ina za mu, Hajiya?"

"Inda take shaƙuwar. A nan kake gwada ta tana yi maka ladabi. Yau za ka gan ta a wurin aikinta."

Ya fara zancen wata mota da aka bar mashi, mai ita zai zo da hantsi. Ta miƙa hannu ta buɗe mashi ƙofa, ta tsura mashi ido. Maƙwabtansa masu faci da masu walda duk sun dakata suna kallo. Ya ajiye kofin ya shiga.

Suka bi sahun motocin kasuwa da ke tafiya a jere. Har suka wuce Yargoje motar ba ta yi komai ba, sai gurnaninta na kullum. Bilya ya fara gyara zama yana kallon gonakin dawa, ita kuwa ta ƙanƙame sitiyari, ranta yana tafasa. Idan motar ta ƙi yi yau, ta san maganar da za ta zagaya gari.

Suna faɗawa wani rami, jarkoki suka yi tsalle a baya, sai motar ta cije. Ta fizga, ta sake cijewa.

Hajiya ta gangara gefe, ta ja birki, ta fito.

"Hajiya, nan fa ba wurin tsayawa ba ne!"

"Na sani. Zagayo ka karɓa, da sauri."

Ya zagayo, ya ja motar. Ba su yi nisa ba ta yi mashi irin wadda ba ta taɓa yi ba, ta shaƙe har kamar za ta mutu, motocin da ke gabansu suna ƙara nisa. Bilya ya shiga salati da ƙarfi, gumi yana bin wuyansa. Injin ya farfaɗo da ƙyar.

"Kada ka tsaya," in ji ta. "Lallaɓa ta mu isa cikin mutane."

A haka suka shiga Faskari. Ya faka a inuwar wani bedi kusa da masu lodin buhuna, ya buɗe gaban motar ya daɗe yana jijjiga wayoyi, injin yana aiki sumul.

"Mai ne ke yanke mata," ya ce. "Wannan na tabbatar. Abin da ke yanke shi ne ban gani ba."

"A dawowa ba ta taɓa yi mani ba. Hanyar ɗaya ce, ramukan su ne dai."

Bilya ya ɗago kai. "Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya kalli bayan motar da ya lotsa saboda nauyi. "Hajiya, a sauke kayan nan."

Suka sauke jarkokin tare. Ya yaye tsohuwar dardumar da ke shimfiɗe a but. A ƙarƙashinta akwai wani faifan ƙarfe, murfin da ke rufe famfon mai na cikin tanki. Tsatsa ta ci shi, nauyin kaya na shekara da shekaru ya lanƙwasa shi ciki.

"Ɗora hannunki a nan ki danna."

Ta danna da ƙarfinta. Nan take injin ya yi shaƙuwa. Ta ɗaga, ya ware. Ta sake dannawa, ya sake yi. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har masu lodi suka waiwayo.

Da ya kwance murfin suka ga wayar da ke kai wa famfon wuta ta goge, saura 'yan silalla ke riƙe da ita. Duk sanda kaya suka dira a kan murfin sai ya matse ta. Bilya ya yanke wurin, ya haɗa, ya naɗe da salatif. Ya buge murfin da guduma ya miƙe, ya samo guntun katako a wurin wani kafinta ya shimfiɗa a kai don nauyi ya daina sauka a wuri ɗaya.

"Ki yafe mani, Hajiya. Da na tambaye ki da kyau tun farko, da ba mu kai haka ba."

"Ya wuce. Amma kai ka kira Mas'ud, kai za ka sake kiransa."

Ya kira a gabanta, ya yi bayani tiryan-tiryan, sannan ya miƙa mata wayar.

"Alhamdu lillahi, Umma," in ji Mas'ud. "Amma gyaran mota bai gyara hanya ba."

"Bai gyara ba. Ranar da na ga ba zan iya ba, da bakina zan faɗa maka. Yau dai ba ranar ba ce."

Ta sallami masu sayen mai na Faskari, aka mayar da ragowar jarkokin. Bilya ya tambaya ko gida za su juya. Ta ce akwai mata a Sabuwa da suka kwana biyu ba su ga man gyaɗarta ba. Ta sauke shi a tasha ya nemi motar Ƙanƙara, ta saya mashi dafaffiyar masara ya riƙe a hanya, ita kuma ta gyara mayafinta ta hau titi.