Kumfar Sabulu a Bayan Firigon Habsatu

Mijinyawa mai gyaran firigo a Bukoki macuci ne. Shekara shida ya yi yana cutar matan unguwa, su kuma suna yi masa godiya.

Habsatu tana cikinsu. Ƙanƙara da zoɓo mai sanyi take saidawa, da su take riƙe gidanta tun da ciwon ido ya raba mijinta da tuƙi. Firigonta ba ya cika wata biyu sai sanyi ya gudu. Mijinyawa ya zo ya ɗura masa gas, ya ce, "Yawan ɗauke wutar garin nan ne, Hajiya, shi ke shanye gas."

Ana saura kwana huɗu azumi, lokacin da ƙanƙara ta fi kasuwa, firigon ya sake macewa. Mijinyawa ya aiko cewa sai bayan sati, aiki ya yi masa yawa.

A gidan akwai ƴar haya mai suna Zuwera, bazawara, wadda ta yi wata tara tana zuwa wata cibiyar koyon sana'a a Tallaje. Habsatu ba ta taɓa yarda da wannan fitar ba. Mace ta fita da akwatin ƙarfe ta dawo da baƙin mai a farce, wa ya san inda take zuwa?

"Yaya, bari in duba miki," in ji Zuwera.

"Ke? Firigo ba injin markaɗe ba ne fa."

"To ki jira Mijinyawa, ki sha ruwa da zoɓo mai ɗumi."

Habsatu ta matsa, amma ta tsaya a kanta ƙyam, tana lura da kowane motsin hannunta. Zuwera ta cire wuta, ta ɗan ɗura gas, ta kaɗa sabulu a kwano, ta shafa wa siraran bututun da ke bayan firigon. A bakin wanda ake ɗura gas ta cikinsa, kumfa ta taso, ta fashe, wata ta sake tasowa.

"Kin gani? Matse bakin kawai aka yi, ba a liƙe shi da wuta ba. Mu tun watan farko aka koya mana liƙewa. Duk wanda ya iya ɗurawa ya iya wannan."

Habsatu ta duƙa ta kalli kumfar. A ranta ta ce, in kuma ita ce ta sassauta shi yanzu don ta ƙwace wa mutum ciniki fa? Ta bar Zuwera ta gama gyaran, ba ta ko ce sannu ba.

Washegari da hantsi ta ɗauki kwanon sabulu ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba. Ta shiga gidan Fatuma mai yawur, wadda Mijinyawa ya ɗura wa gas shekaranjiya. Ta cire wuta, ta shafa. Kumfa. Ta wuce gidan Iklima mai kifi. Kumfa, a daidai wurin nan. Gida biyar ta shiga, duk kumfa, alhali Zuwera ba ta taɓa taka ko ɗaya ba.

Matan gidajen biyar ɗin suka bi ta har rumfar Mijinyawa.

"Lale, Hajiyoyi! Yau kasuwa ce ta tashi ta zo mini?"

"Malam Mijinyawa, wutar gari ce ke matse bakin bututu?" Habsatu ta dire kwanon a gabansa. "Ga firigon shan ruwanka can. Shafa masa mu gani."

Ya ƙi. Ita ta shafa da kanta. Nasa bakin a liƙe yake tsaf, ko ɗigon kumfa babu.

Da ta koma gida, ruwan da ta jera jiya ya daskare kamar dutse. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Zuwera ta ce, "Sannu da aikin jiya. Wannan cibiyar taku, suna ɗaukar mai shekara ashirin? Zan kai ƙanwar maigida."

Kafin Sallah, babu mai firigo a layin da ba ta iya gwajin sabulu ba. Zuwera ta kama rumfa a bakin titi. Shi kuwa Mijinyawa, ƙungiyar masu gyaran firigo ta unguwar ta cire sunansa, aka sauke allonsa, mai rumfa ya karɓe makullinsa. Yau a Bukoki ko fanka ba a ba shi ya gyara.