Ramukan da Illa Ya Rufe

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, motocin hatsi suka daina zuwa ƙauyen mai gari Illa daga Matameye, don kwalta duk ta farfashe. Sai aka ce sojoji masu mulki sun turo mota ta ɗauki hoton hanya. Baƙon gwamnati ba ya tarar da gida ba shara, in ji Illa, ya sa aka cike kowane ramin hanya da ƙasa, aka daɓe.

Injiniyar da ta zo, Habsatu, ta dubi aikin ta riƙe baki.

"Baba, wa ya aike ku? Na'urar motar nan hoto take karantawa, ta ƙirga rami da tsaga. Inda ta ga lafiya, ba a gyarawa."

"To mu fa, 'yata? Rumbunanmu wayam."

"Gobe da hantsi zan sake bi. Daga nan sai Damagaram."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Illa ko zama bai yi ba. Ya ɗauki hauya da kansa, ya duƙa yana tone ramin da ya rufe jiya, yana ɗaga kai yana duban rana.