Kumfa a Ɗakin Jira

Garin sabulun da na zuba wa injin bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Da shi nake wanke kayan ɗiyata kullum, kuma bai taɓa ba ni kunya ba sai ranar nan.

A asibitin yara nake aiki, cikin masu tsabta. Wata biyu ke nan da aka raba ni da tsumma da bokiti aka ba ni injin wanke daɓe, a kan gwaji na wata uku. Lokacin aikin ya fi komai yi mini daɗi, domin mai inji da safe yake aiki, daga ƙarfe shida zuwa ɗaya. Yayata ce ke riƙe mini yarinya, ita kuma ƙarfe biyu take shiga wajen ɗinkinta. Maigidana tuƙi yake yi, sai ya kwana huɗu a hanya. In aka mayar da ni aikin yamma, ba ni da hannun da zan miƙa wa ɗiya ƴar wata goma.

Wanda ya koya mini injin wani dattijo ne da muke kira Baba Direba. Shekara goma sha ɗaya yana tura shi, har gwiwa ta ce ta gaji, aka mayar da shi ɗakin ajiya yana ba da kaya.

"Cikinsa biyu, ƴata," haka ya ce mini ranar farko yana bubbuga shi kamar mai tallan saniya. "Wannan na ruwa mai kyau, wannan na ruwan datti. Burushi ya goge a gaba, robar baya ta tattara, motar zuƙa da ke cikinsa ta zuƙe. Ke naki tafiya a hankali, kamar kin ɗauko ƙwai a faranti."

Ya koya mini abin da ake yi bayan an tashi. A zubar da ruwan datti, a ɗauraye tankin, a bar murfinsa a buɗe ya sha iska don kada ya yi wari. A cire burushi a tsince gashi da zare. A goge robar baya, a ɗage ta sama, don in ta kwana a ƙasa bakinta zai lanƙwashe ta riƙa barin layin ruwa. Sannan a sa caji. Duk na riƙe. Sabulun kuwa, ya ce murfi ɗaya a tanki guda, daga wata jarka da yake ba ni. Sabulu ne kamar ruwa, ba kumfa, ba ƙamshi. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Ranar Talata wani yaro ya yi amai a ɗakin jira. Na kwashe, na bi wurin da inji sau biyu. Ban kai ga fita ba sai ga wata jaririya ta sauko daga cinyar uwarta, ta rarrafo daidai wurin, ta daddaɓa daɓen da tafinta, ta kai hannun baki. Girmansu ɗaya da tawa, har da haƙora biyun nan na ƙasa. Na tsaya riƙe da inji ina jin kamar ni na ba ta dattin a cokali. Wace uwa ce za ta yarda ta yi wanki ba ta ga kumfa ba?

Washegari na ƙullo garin sabuluna a leda. Na zuba a tankin ruwa mai kyau, na karkaɗa da hannu, ban gaya wa kowa ba.

Doguwar barandar farko ta yi ƙamshi har na ji ina alfahari. Na shiga ɗakin jira ƙarfe takwas saura kwata. Na yi layi ɗaya, na juyo na biyu, sai muryar injin ta sauya, ta koma kamar mai mura yana son yin magana. Na waiwaya. Bayana, inda ya kamata in ga daɓe a bushe, ruwa ne kwance yana sheƙi. Daga ƙarƙashin injin kuma kumfa ke fitowa, fari tas, yana tasowa yana bin ƙafafun kujeru. Na kashe da sauri. Da na taka don in duba, ƙafata ta tafi, sai da na rungumi injin.

Ƙofar ɗakin ajiya tana nan kusa. Gaskiya na yi tunanin in tura shi ciki, in ɗauko tsumma in shafe abin da zan iya, in ce da kansa ya tsaya. Amma saura minti bakwai a buɗe ƙofa, kuma ta gilashi ina ganin iyaye mata sun yi layi, wasu da goyo, wasu riƙe da ƙananan yara masu neman inda za su ruga. Daɓen nan ko babba bai tsira ba, balle mai goyo.

Na jawo dogon benci na gitta a bakin ƙofa, na tsaya a bayansa. Maigadi ya buɗe.

"Don Allah ku yi haƙuri, ba a shiga. Akwai santsi."

"Santsin me kuma? Tun asuba muke tsaye!" in ji ta gaba.

Wata ta leƙo ta kafaɗarta ta ga kumfa, ta kwashe da dariya. "Baiwar Allah, wanka kike yi wa asibitin? Ki ƙarasa mana da yaran mana, ga su nan."

"Laifina ne," na ce. "Ku zage ni daga nan, amma ba mai taka wurin nan da yaro."

Ban rufe baki ba wani ɗan shekara biyu ya sulale ta ƙarƙashin bencin, ya nufi kumfa yana ihun murna. Na damƙo bayan rigarsa, ƙafafunsa suka zame suka bar ƙasa, ya rage yana lilo a hannuna. Na miƙa wa uwarsa shi. Wata tsohuwa da ta kawo jikarta ta juya ta fuskanci layin.

"To kun gani. Kowa ta riƙe nata. Tsayuwar minti goma ba ta kai ɗaurin karaya ba."

Ƙarar makullai ta riga shugabarmu isowa, kamar kullum. Anti muke ce mata. Ta dubi daɓen, ta dubi injin, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sa aka buɗe wa mutane ƙofar gefe, aka jera musu kujeru a baranda. Ta kira abokan aikina biyu, suka zo da bokitai suna ɗauraye daɓen da ruwa zalla.

"Uwar tsabta," ɗaya ta ce tana matse tsumma, "gobe kuma turare za ki zuba masa?"

Sau uku suka bi ɗakin kafin santsin ya fita, kuma ba aikinsu ba ne.

Baba Direba ya iso yana jan ƙafa. Ya buɗe tankin datti, kumfa ya tumbatso ya zubo masa a takalmi. Ya shinshina.

"Ƙamshi dai an samu," ya ce. "Tura shi wajen famfo."

A bayan gini, inda muke zubar da ruwa, ya sa hannu cikin tankin ya nuna mini wani ƙwallon roba a cikin raga.

"Kin ga wannan? In ruwa ya cika, shi ke tasowa ya toshe hanya don kada ruwa ya shiga motar zuƙa. To ruwa ya sani, bai san kumfa ba. Kumfa ba ya da nauyin da zai ɗaga shi. Sai ya wuce shi yana zaune, ya shige mota."

"Baba, bari mu kunna mu ji ko tana da rai."

"Kul! In kika kunna ta a jiƙe kin yanka ta da hannunki. Miƙo mini sukundireba."

Ya cire wayar batir tukuna. Sannan ya durƙusa a kan gwiwar nan tasa da ba ta son durƙuso, ya kwance motar, ya fito da ita tana ɗigar ruwa. Ya goge ta da busasshen ƙyalle, lungu-lungu, ya ɗora ta a kan kujera a ɗakin ajiya, ya saita mata fanka. Ni kuma ya sa ni ɗauraye tankunan biyu da mesa. Sau biyar ina cikawa ina zubarwa kafin ruwan ya daina kumfa.

Anti ta same mu a nan.

"Za ta tashi?"

"Sai gobe za mu sani," in ji Baba. "Ta kwana tana shan iska."

Ta juyo gare ni. "Ba zan ɓoye miki ba, ƙanwata. In ta ƙone, kafin a kawo wata sai an yi wata guda ko fiye. Ba inji, ba mai inji. Masu tsumma na safe sun cika, gurbin yamma kaɗai gare ni."

"Na sani, Anti."

"Me ya kai ki?"

Na gaya mata zancen jaririyar da hannunta. Ina faɗa ina jin yadda maganar ta yi ƙanƙanta a gaban motar da ke kan kujera.

Baba ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, a raba laifin nan biyu a ba ni babban. Na ce mata murfi ɗaya, ban ce mata don me ba. Ni ma haka aka koya mini, sai da na ƙona tawa na gane. In za ki rubuta, ki rubuta da ni."

"Kai ka taɓa ƙona mota?"

"Kafin zuwanki ne. Na so in mutu da sirrina, yarinyar nan ta tona ni."

Anti ta kau da kai don kada mu ga bakinta, ta tafi da makullanta.

Da muka rage mu biyu, Baba ya kai ni bakin magudana inda na zubar da ruwan farko. Ƙarƙashin kumfan da ya fara kwanciya, ruwan baƙi ne ƙirin.

"Dubi nan. Wannan ne tsabtar, abin da aka ɗauke aka fitar daga ɗaki. Tsumma yawo yake yi da datti daga kusurwa zuwa kusurwa. Injin nan kwashewa yake yi. Sabulunki kuwa ko ya bushe yana barin danƙo a daɓe, datti ya zo ya manne." Ya koma ciki ya ɗauko wata kwalba mai feshi daga kan kanta. "Wurin amai kuma ga maganinsa. Ki kwashe, ki fesa, ki ba shi minti biyar, sannan ki bi da inji. Da kin tambaya, ƴata."

"Na ji kunya ne, kada ka ce na raina koyarwarka."

"Gara ki raina ni da ki raina mota. Ni in na jiƙe ina bushewa."

Ranar da tsumma na ƙarasa aiki. Da na je ɗaukar yarinya, Yaya ta dube ni ta ce, "Lafiya? Kin yi kama da wadda aka wanke ba a shanya ba." Na ce mata sai gobe zan ba ta labari, don ban san wane labarin zan bayar ba tukuna.

Shida saura na iso washegari, na tarar Baba ya riga ni, shi da ba ya zuwa sai takwas. Ya juya motar a hannu, ya kai ta hanci, ya hura cikinta, sannan ya mayar da ita mazauninta ya ɗaure. Ya haɗa wayar batir. Na cika tanki, na auna murfi ɗaya a gabansa, ya gyaɗa kai. Anti ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙirji.

"Bismillah. Ke za ki kunna," in ji Baba.

Na danna. Motar ta yi tari sau ɗaya, ta feso wani ɗan farin gari, sannan ta kama da muryarta ta da. Na ji ƙwalla ta cika mini ido, amma Baba ya ɗaga hannu.

"Kuka ba aiki ba ne. Mota tana iya kuka ba ta zuƙa. Tura mu gani."

Na sauke burushi da robar baya, na kama doguwar baranda a hankali. Sai na ji Anti ta ce, "Baba, me kake yi haka?" Na waiwaya. Dattijon ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, yana bin bayana da safa, yana ɗingishi a kan layin da na wanke. Haka ya bi ni har ƙarshen baranda. Can ya dafa bango, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya nuna wa Anti ƙasan safarsa. A bushe take, sai dai hujin da babban yatsa ya leƙo ta ciki.

"Hujin ba na inji ba ne," ya ce. "Da shi na zo."

Anti ta yi dariyar da ta riƙe tun jiya. Ta zaro takardar jadawali daga aljihu, ta duba, ta mayar ba ta taɓa komai a ciki ba.

"Saura miki wata ɗaya na gwaji, ki ƙarasa shi lafiya. Ɗakin jira kafin takwas."

Na juya ga Baba ina neman abin da zan ce. Duk godiyar da na tanada, abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya ba gwiwar nan lafiya, Baba."

"Amin. Je ki, ruwan injinki na zuba a wuri ɗaya."

Na juya injin na nufi ɗakin jira.