Ihun Tsawa a Sabon Makirfo

Tun ranar da gidan rediyon ya canza makirfo aka shiga uku da muryar Tsawa. Shi ne mai sharhin ƙwallo, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. In ƙwallo ta shiga raga, ihunsa sai ya tayar da mai barci a gida na uku. Sababbin makirfon ƙanana ne, irin masu mayar da sauti lambobi tun daga cikinsu. Maganar hankali tana fita tas, amma da ya kurma ihu sai muryar ta fashe kamar ana jan kwano a kan siminti, ba mai jin sunan wanda ya ci.

Manaja ya kira injiniyar gidan ofishinsa. Yayar Tsawa ce, ciki ɗaya.

"Injiniya, masu sauraro sun hana wayata hutawa. Ko ki gyara kafin wasan Asabar, ko ƙaninki ya koma karanta hasashen yanayi."

"Yallaɓai, a dawo da tsofaffin mana."

"An kwashe su tuni."

Ta fito zuciyarta na tafasa. Ta kunna ihun da aka naɗa, ta rage ƙarfin sautin a teburin haɗa sauti, ihun ya ƙanƙance amma yana nan a fashe. Ɓarnar a cikin makirfon take faruwa: akwai wata 'yar fata siririya da murya ke kaɗawa, in ƙarar ta yi yawa ba ta iya bin ta daidai, sai lambobin su fito a karkace. In ta san yawan karkatar a kowane mataki na ƙara, za ta iya rubuta manhajar da za ta miƙe su kafin a watsa su.

Ta ɗauko makirfon awo, babba, mai jure kowace irin ƙara, wanda ba a fita da shi daga gidan. Ta jera shi da ƙaramin don ta gwada abin da kowanne ya ji. Lasifikar ɗakin ba ta kai ƙarfin Tsawa ba, dole ta jawo shi da kansa.

"Yi ihu."

"Haba Yaya, haka kawai? Ba ƙwallo ba 'yan kallo?"

"Ka ɗauka an ci. Yi mana, ba ni da lokaci."

Ya yi wani ihu salam-salam. Ta harare shi ta gilashin ɗakin.

"Wannan ai hamma ce. Irin wanda kake yi in na taɓa maka cajar waya nake so."

Ya yi dariya, ya cika ƙirji, ya saki. Mai shara da ke wucewa a baranda ta yar da bokiti. Yaya ta sa ya maimaita, ƙasa-ƙasa, tsaka-tsaki, sama, har muryarsa ta fara dushewa. A allon kwamfuta layin babban makirfo na tashi da tsini, na ƙaramin kuwa kansa a daddanne. Ta rubuta gyaran, ta saurara. Fashewar ta tafi, amma muryar ta koma kamar daga cikin tulu. Ta sassauta, fashewar ta leƙo. Haka ta wuni, ta zauna ta tashi, shayinta ya huce a gefe ba ta taɓa ba. Da ta sami tsakiya, sai wani tsoro ya kama ta: ihun ɗaki daban, ihun fili daban.

Ranar Asabar Tsawa yana fili, ita tana ɗakin watsa shiri da abin sauraro a kunne. Manaja na tsaye a bayanta, hannu a aljihu. Aka take wasa. Sharhi na tafiya lafiya lau, amma ba wannan take jira ba. Aka buga kusurwa, ta miƙe tsaye, gola ya cafke. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci.

"In suka tashi canjaras ba ci fa?" in ji Manaja.

"Kada ka yi mana baki, Yallaɓai."

Ita da ba ta taɓa damuwa da ƙwallo ba, ga ta tana roƙon Allah wani ya ci, ko ma wane ne. Ta cire abin sauraron, ta goge zufa, ta mayar. Aka doki turke, ta dafe kai.

Ana dab da tashi muryar Tsawa ta fara hawa. "Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, Dogo, Dogo, ta shigaaaa!"

Layin allo ya tashi cak da tsininsa. Ihun ya cika mata kunne, mai ƙarfi, garau, har tana jin inda numfashinsa ya ƙare. Ba ta san sanda ta doki tebur ba.

Sai muryar ta faɗo ƙasa. "Kash! Alƙalin wasa ya ce satar gida ce. An soke."

Manaja ya ja tsaki, shi ƙungiyarsa ce. Sannan ya dubi wayarsa da ke kwance shiru, ya ce, "To, ba laifi," ya fita.

Bayan wasa Tsawa ya kira ta, muryarsa a shaƙe.

"Yaya, ihun ya fita?"

"Ya fita. Amma in 'yan kallo suka yi ihu tare da kai akwai 'yar ƙara a ƙasa, na ji ta. Litinin ka zo da wuri."

"Wani ihun kuma?"

"Wani ihun. Ka sha ruwan ɗumi, kada ka yi magana da kowa."