Tambaya Bakwai da Na Bari

A masana'antarmu ta kwalabe, Sai-an-gama suke ce mini. Shekara tara ina kula da injina, ban taɓa miƙa wa mai canjina rabin aiki ba. Halin nan ne ya kayar da ni sau biyu a jarrabawar shiga makarantar koyon shugabancin kamfani. Sashen lissafi da jadawali tambaya talatin ne, minti arba'in. Ni kuwa sai in kama ta huɗu in ƙi saki, har a ce a ajiye biro.

Sau uku kamfani yake tsaya wa ma'aikaci. Wannan ce ta ƙarshe.

"Ki haƙura mana," in ji Manaja, da na kai masa takardar neman izini. "Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Naki sifana ce da noti."

"Sa hannun dai, ranka ya daɗe."

Yayana direban babbar mota ne. Ranar hutu ya same ni a tebur ina kokawa da tambaya ɗaya, shayina ya huce. Ya saita wayarsa minti ɗaya da rabi. Tana yin ƙara ya kifa hularsa a kan shafin.

"Saura kaɗan, Yaya!"

"Ke, in na tarar da rami a hanya, sauka nake in cike shi? Wuce!"

Sati shida muka yi, ni da hular nan mai warin man dizal.

Ranar jarrabawa goman farko suka tafi lafiya. Daga ta sha ɗaya zuwa ta sha biyar jadawali ɗaya ne: injina biyar, wata shida, kwalaben da kowanne ya fitar da waɗanda suka fashe. Gidana ke nan. Kallo ɗaya na gane injin na uku ne mai ɓarna. Na san zan iya su duka. Na kuma san za su ci mini minti goma sha biyar. Hannuna har ya fara jan layi.

Na juya shafin. Ji na yi kamar na bar inji yana yoyon mai na tafi gida.

Na bi tambayoyin kashi cikin ɗari, na bi na gudu da nisa, na tsallake wasu biyu. Amsar kuskure rage maki take, don haka ban yi canke ba. Da aka ce a ajiye biro, bakwai na nan fayau.

Bayan sati uku na shiga ofishin Manaja da mai a farcena.

"Sai-an-gama! An ce wannan karon ma ba ki gama ba."

"Ban gama ba."

Na ajiye masa takardar ɗaukata a makarantar, na ɗora ta hutun karatu a kai. Ya karanta, ya sake karantawa.

"To injinan fa? Wa zai kula da su?"

"Akwai sifana a durowata, ranka ya daɗe. Nan za ka sa hannu."